exFAT, NTFS, FAT32, ext4 ko APFS: da wanne za ka yi wa sabon faifanka fomatin?

Duk wanda ya sayo sabon faifan ajiya na waje, wanda 'yan kasuwa ke kira eksitanal, jona shi yake yi ya fara zuba kaya nan take. Sai an yi wata uku, faifai ya kai rabi, sannan ya gano MacBook ɗin abokin aikinsa tana ganin fayilolin amma ta ƙi yarda a ƙara ko guda ɗaya, ko kuma talabijin ɗin falo ta nuna ba ta ma san da zaman faifan ba. Gyaran a lokacin sai dai a kwashe komai zuwa wani faifan, a yi fomatin, a sake dawo da su. Wanda ya taɓa kwashe terabait guda ta igiyar USB ya san kai da kawowar nan yini take ci.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da na taro. A shagonmu akwai Windows biyu, da Mac ɗaya, da wata tsohuwar kwamfuta da muka sa wa Linux muka mayar da ita rumbu. Faifai ɗaya kan zaga su duka a rana, don haka zaɓin tsarin da za a yi wa faifai fomatin da shi, wato yadda zai jera fayiloli a cikinsa (FAT32, exFAT, NTFS, ext4 ko APFS), na sha yinsa, na kuma sha yin kuskure a cikinsa.

Abin da za a auna

Na farko, waɗanne na'urori ne faifan zai shiga. Ganin faifai daban, yarda a rubuta a kansa daban. Wannan ma'aunin shi kaɗai yakan yanke rabin hukunci.

Na biyu, girman fayil guda. Mai ajiye takardu da waƙoƙi ba ruwansa da wannan, mai bidiyo kuwa nan ne rayuwarsa take.

Na uku, me zai faru idan wuta ta ɗauke ko aka fizge igiya ana tsakar aiki. A nan sai an fahimci abu ɗaya. Idan ka jona faifai, kwamfuta tana ɗaura shi a jikin tsarinta: Windows ta ba shi harafi kamar E:, Mac ta ajiye shi a ƙarƙashin /Volumes, Linux kuma a /media ko duk inda ka ce. Muddin yana ɗaure, ba duk abin da ka ga ya "gama kwafuwa" ne ya sauka a kansa ba. Wani yana riƙe a ƙwaƙwalwar kwamfuta yana jiran layi. Danna Eject shi ne ce mata ta sauke abin da ke hannunta ta kwance faifan. Wasu tsare-tsaren suna da littafin aiki, kamar littafin ɗan kasuwa mai rubuta "zan kai buhu goma shago kaza" kafin ya ɗora su a mota. Idan abu ya katse, sai a duba littafi a san inda aka tsaya. Wasu kuma ba su da shi, da ka suke riƙe lissafi.

Sai wurin da tsarin kansa yake ci, da kuɗin da zai jawo maka, da sauƙin gyara idan ya rikice. Kan kuɗi, duka biyar ɗin kyauta ne a gidansu. Inda aljihu ke shiga shi ne lokacin da kake son wata kwamfutar da ba tasu ba ta karanta su.

Wani abu kuma da ba laifin ko ɗaya daga cikinsu ba ne: faifan terabait 1 zai nuna maka gigabait 931 a Windows, na terabait 2 kuma 1.81. Ba mai shago ne ya cuce ka ba. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Mac ta koma lissafin dubu tun 2009, shi ya sa faifai ɗaya yake nuna adadi biyu a kwamfutoci biyu.

FAT32

Dattijon gidan ke nan, tun 1996 yake, zamanin Windows 95. Babu na'urar da ba ta gaishe shi: rediyon mota, tsohuwar talabijin, dikoda, sifikar da ake sa wa filash, injin buga takardu, PlayStation. Idan za ka sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta, yawanci shi za a ce ka kawo. Katin memori mai gigabait 32 zuwa ƙasa da shi yake zuwa daga kamfani.

Cikas ɗinsa ɗaya ne amma babba: fayil guda ba ya wuce gigabait 4. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cike wannan cikin ƙasa da minti shida, shi ya sa take yayyanka ɗauka ɗaya gida-gida idan katin FAT32 ne. Fayil ɗin girka Windows 11 ma ya fi ƙarfinsa. Kuma saƙon da yake bayarwa na ruɗa mutane: filash na da sarari gigabait 20, amma a ce maka fayil mai gigabait 5 ya yi girma. Littafin aiki babu. Tagar fomatin ta Windows ta daɗe ba ta ba da zaɓinsa ga abin da ya haura gigabait 32, ko da yake shi kansa yana iya ɗaukar terabait 2. Ga filash ɗin waƙoƙi da karatu na cikin mota ba shi da na biyu. Ga babban faifai, a bar dattijo ya huta.

exFAT

Microsoft ta fito da shi a 2006 don cire wancan shingen na gigabait 4, kuma shi ne ke kan duk katin SDXC, wato masu haura gigabait 32. Mac tana karantawa tana rubutawa tun 2010. A 2019 Microsoft ta buɗe bayanan tsarin ga kowa, Linux ta shigar da shi cikin ƙwayarta (kernel), wato zuciyar tsarinta. iPhone da iPad suna karɓarsa, PlayStation 4 da 5 haka, yawancin sababbin wayoyin Android ma haka. Ko sisi ba za ka kashe ba. Idan tambayarka kawai "wanne ne zai shiga ko'ina da manyan fayiloli?", ka sami amsa.

Amma shi ma ba shi da littafin aiki, kuma a nan na ƙone hannuna. Wata ranar Alhamis ina fitar da bidiyon wani biki kai tsaye a kan faifan exFAT, a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, saura kashi takwas cikin ɗari aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta, foldar bikin ta ƙi buɗuwa. Na sa chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, ya yi kusan awa biyu yana aiki, ya miƙo mini wata folda mai suna FOUND.000 cike da fayiloli FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, har ɗari da wani abu, babu suna babu alamar wanne ne kamu wanne ne ɗaurin aure. Ina cikin buɗe su ɗaya bayan ɗaya uwar amarya ta kira.

"Malam, gobe fa 'yan Zariya za su koma, ina aikin namu?"

"Hajiya, in sha Allahu da safe yana hannunki."

Abin da ya cece ni, ban riga na goge katunan kyamara ba. Na kwana ina sake haɗawa. Laifin nawa ne, na ɗauki faifan yawo na mayar da shi teburin aiki.

Akwai kuma ɓarnar wuri da mutane ba su lura da ita. Kowane tsari yana raba faifai gurbi-gurbi, kuma fayil komai ƙanƙantarsa sai ya cinye gurbi guda, kamar a ce ko gwangwani ɗaya na gero gare ka sai an ba shi buhu nasa. Idan Windows ta yi wa babban faifai fomatin exFAT, gurbin kilobait 128 take yankawa in ba ka canza ba. Na NTFS kuwa kilobait 4 ne. Ɗauki ƙananan fayiloli 100,000, kowanne kilobait 10. A NTFS gigabait 1 da 'yan kai za su ci. A exFAT sun haura gigabait 12. Ga mai bidiyo wannan ba komai ba ne, ga mai tara takardun ofis ko lambobin manhaja kuwa asara ce. Danna dama a kan folda ka buɗe Properties, ka gwada Size da Size on disk, za ka ga ratar da idonka.

Idan faifan yana shiga Mac, ka san abu biyu. Za ka riƙa ganin wasu ƙananan fayiloli masu farawa da ɗigo da layin ƙasa idan ka dawo Windows; ba cutar kwamfuta (virus) ba ce, Mac ce ke barinsu. Sannan abin da ka goge a Mac yana komawa wata ɓoyayyiyar folda mai suna .Trashes a cikin faifan, wurin ba zai dawo ba sai ka zubar da kwandon shara faifan yana jone.

NTFS

Wannan shi ne ɗan gida a Windows tun 1993, kuma faifan da ke cikin laftof ɗinka shi ne a kai. Yana da littafin aiki, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika wargaza masa folda ba. A fahimta dai: littafin yana kare tsarin faifai ne, wato sunaye da inda kowane fayil yake. Fayil ɗin da ake tsakar rubutawa lokacin da wuta ta tafi zai iya lalacewa duk da haka. Bambancin shi ne ka rasa fayil ɗaya maimakon folda guda.

Girman fayil ba abin damuwa ba ne. Yana iya matse fayiloli su rage cin wuri, yana kuma riƙe izinin wa zai buɗe me, wanda alheri ne a ofis amma wani lokaci ciwon kai ne a faifan waje: ka kai shi wata kwamfutar ta ce ba ka da izinin shiga foldarka. Wajen gano abin da ya cinye wuri ma ya fi daɗin sha'ani, domin manhajar WizTree tana karanta babban jadawalin NTFS kai tsaye, cikin daƙiƙoƙi ta zana maka manyan masu cin wurin. WinDirStat na yin aikin a kowane tsari amma sai ka jira.

Matsalarsa Mac. Tana karantawa, ba ta rubutawa. Sai ka sayi manhaja irin ta Paragon ko Tuxera, da dala ake biya, kuma duk lokacin da macOS ta yi babban sabuntawa sai ka tabbatar manhajar ta bi sahu. Linux tana rubutawa lafiya, ta direban ntfs-3g ko ta sabon direban da ya shiga ƙwayarta a 2021. Sai dai mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya zai ci karo da wani abu: tun Windows 8 akwai Fast Startup, wanda ke sa kwamfuta ta yi barci maimakon ta mutu gaba ɗaya idan ka kashe ta. Linux na ganin faifan a haka sai ta ɗaura shi don karatu kawai. Kashe Fast Startup a saitin wuta, magana ta ƙare. Talabijin da yawa na karanta NTFS, PlayStation kuwa ba ta yi.

Wanda ke da faifan FAT32 cike da kaya yana iya mayar da shi NTFS ba tare da gogewa ba, da umarnin convert E: /fs:ntfs. Hanyar ba ta komawa baya, kuma ba ta aiki a kan exFAT.

ext4

Na Linux ne, ya zauna da gindinsa tun Disamban 2008. A juriya ban ga wanda ya fi shi ba cikin waɗanda na yi aiki da su. Rumbunmu ya sha ɗaukewar wuta ba adadi, ya tashi ya duba littafinsa ya ci gaba. Amma Windows da Mac ba su san shi ba. Windows ma cewa za ta yi faifan na buƙatar fomatin, kuma yaron shago mai saurin danna "to" zai iya share maka shekara guda. Faifan ext4 a manna masa takarda a jiki.

Yana da 'yan halaye da ke ruɗa sabon shiga. Da ka gama fomatin yana ware kashi 5 cikin ɗari ga mai kula da tsarin. A faifan da Linux ke zaune a kai hikima ce, don kada ya cika maƙil kwamfuta ta kasa tashi. A faifan ajiya mai terabait 2 kuwa kusan gigabait 100 ne ke zaune a banza. Umarnin tune2fs -m 1 zai rage shi zuwa kashi ɗaya. Sabon faifan kuma mallakin root ne, wato mai kula da tsarin, sai ka mayar da shi sunanka da chown kafin ka iya ajiye ko hoto.

Kayan duba wuri a nan sun fi na kowa. lsblk -f zai jera faifai da tsarin kowanne da inda aka ɗaura shi. df -h na faɗin abin da ya rage, du -sh na faɗin abin da folda ta ci, ncdu kuma ya bar ka ka zaga ciki. Idan df ya ce faifai ya cika, du kuma ya ce da saura, galibi wani fayil ne aka goge alhali wata manhaja na riƙe da shi. Umarnin lsof +L1 zai tona shi. Idan umount ya ce faifan na cikin aiki, fuser -m zai nuna wanda ya riƙe.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na ɗaurawa. Ka saba zuba kaya a /mnt/ajiya, wata rana faifan bai ɗauru ba, foldar kuma tana nan wayam. Kwafin zai tafi lafiya lau, amma cikin faifan tsarin yake zuba, sai ka wayi gari kwamfuta ta cika ba ka san dalili ba. Kuma da zarar faifan ya sake ɗauruwa, kayan da ka zuba sun ɓuya a ƙarƙashinsa. Maganin shi ne ka rubuta faifan a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa Linux faifan da za ta ɗaura idan ta tashi, da lambarsa ta shaida wato UUID, domin suna irin sdb1 na iya canzawa, ka ƙara kalmar nofail don kwamfuta ta tashi ko faifan ba ya nan, sannan ka saba duba df kafin babban kwafi.

APFS

Na Apple ne, ya zo a 2017 tare da macOS High Sierra. Ba ya rubutu a kan tsohon bayani sai ya gama ajiye sabon a wani gurbin, don haka yana jure katsewa. Yana da kulle da kalmar sirri a jikinsa, kuma Time Machine, manhajar Mac ta ajiye kwafin kaya, shi take so tun macOS Big Sur. An gina shi ne don SSD, wato faifan da ba ya juyawa. A faifai mai juyawa yakan yi nauyi idan fayiloli suka yi yawa, shi ya sa har yanzu wasu ke zaɓar tsohon tsarin Apple, Mac OS Extended mai littafin aiki, ga irin waɗannan.

Lissafin wurinsa sai an saba. Ka kwafi fayil mai gigabait 50 a cikin faifai ɗaya, wurin ba zai ragu ba, domin kwafin na jingine da na asali har sai an canza ɗayansu. Ka goge gigabait 50 kuma wani lokaci wurin ya ƙi dawowa nan take, saboda hoton faifai, wato ajiyar yadda faifan yake a wani lokaci, da Time Machine ta ɗauka yana riƙe da shi na kwana guda. Windows ba ta ganinsa sai da manhajar kuɗi.

| Tsari | Windows | Mac | Linux | Talabijin da mota | Iyakar fayil | Jure katsewa | Ƙarin kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| FAT32 | karatu da rubutu | karatu da rubutu | karatu da rubutu | kusan duka | gigabait 4 | rauni | babu |
| exFAT | karatu da rubutu | karatu da rubutu | karatu da rubutu | sababbi | ba damuwa | rauni | babu |
| NTFS | karatu da rubutu | karatu kawai | karatu da rubutu | wasu | ba damuwa | ƙarfi | manhaja don Mac |
| ext4 | ba ta gani | ba ta gani | karatu da rubutu | da wuya | terabait 16 | ƙarfi | manhaja don Windows ko Mac |
| APFS | ba ta gani | karatu da rubutu | sai da dabara | a'a | ba damuwa | ƙarfi | manhaja don Windows |

Wa ya dace da wanne

Filash ɗin mota, na sifika, na tsohuwar talabijin: FAT32, kuma kada ya wuce gigabait 32.

Faifan da ke kai aiki daga hannu zuwa hannu, yau Windows gobe Mac: exFAT, bisa sharaɗi biyu. Kada ya zama shi kaɗai ne ke riƙe da kayan, kuma kada a cire shi ba a danna Eject ba. Windows 10 ta mayar da saitin faifan waje zuwa Quick removal tun sabuntawarta mai lamba 1809, wanda ya rage haɗarin, amma Mac da Linux suna riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa, kuma fizgewa ana tsakar kwafi ɓarna ce a ko'ina. Ɗalibin da ke kai filash shagon buga takardu shi ma exFAT ko FAT32 ya ishe shi. Cutar kwamfutar nan mai mayar da folda gajeriyar hanya (shortcut) ba ta duba tsari, duk wanda ta samu kamawa take.

Faifan da kake aiki a kansa kullum, ko wanda ya zama rumbun hotunan iyali: bi kwamfutar gidanka. Windows, NTFS. Linux, ext4. Mac da SSD, APFS. Idan kwamfutar tebur ce kuma unguwarku wuta na wasa, kuɗin UPS ya fi kuɗin kowace manhaja amfani. Mai laftof yana da batir, amma babban faifan tebur mai nasa abin jonawa a bango zai mutu ko laftof ɗin na raye.

Mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya ware ɓangare guda na NTFS don kayan da duka biyun za su taɓa, ya kashe Fast Startup.

Shago irin namu mai Mac da Windows, inda kowa ke son rubutu a babban faifai ɗaya, zaɓi biyu gare shi: a bar faifan a NTFS a saya wa Mac manhaja, ko a jona shi a kwamfuta ɗaya a raba shi ta hanyar sadarwar cikin shago, yadda tsarin da ke kansa ba zai dami kowa ba. Mu na biyun muka bi. Wasu kan raba faifai gida biyu, rabi APFS rabi exFAT. Yana aiki, sai dai ranar da faifan ya faɗo daga kan tebur duka gidajen biyu ne za su tafi tare.

Sabon filash ko kati kuwa, musamman mai arha da ya ce terabait guda ne, kafin ka yi tunanin tsari ka fara gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Linux da Mac. Suna cika shi da bayani su sake karantawa. Na jabu yakan karɓi gigabait 8 ko 16 na farko, sauran ya riƙa rubuta su a kan na baya, sunayen fayiloli na nan reras amma babu wanda zai buɗu.